Babin da Na Hana a Karanta Mini

Lipovo, lokacin gasa tattasai

Matata Donka,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar nan ta hagu, har yanzu tana kumbura da yamma? Yaya tsohuwar da kike jinya, ta daina ɓoye burodi a ƙarƙashin matashi? Ki gaishe ta, ko da ba za ta san mai gaisuwar ba. Mu nan lafiya. Awaki lafiya, inabi ya yi nauyi har sai da na tokare rumfar da itace, wake ne kawai ya ji fari.

Kin tuna shekarar da kogi ya tafi da gadar dutse? Ranar da na tsaya a gaban mutanen ƙauye ina dukan ƙirji cewa gadar da kakanninmu suka gina ba ta faɗuwa, ita kuwa tana sulalewa cikin ruwa a bayana? To tun daga ranar fuskata ba ta ƙara yin zafi irin na wannan mako ba.

Na san labari ya riga ni isa Italiya, don matar abokina Gencho ba ta kwana da magana a ciki. Shi ya sa ban ɗauki wayarki ba. A waya ke kina magana ni ina ihu, ba mai jin wani. A takarda kuwa dole ki bari in gama. Ki yi haƙuri da rubutun. Kin san a soja na koyi baƙaƙen nan, kuma har yau ba mu shirya da su ba.

Zan fara daga farko, domin ke ba ki taɓa tsayawa kin ji zancen littattafan nan ba, kullum sai ki ce tatsuniyar yara ce. Hunturun da kika tafi ne. Jikarmu Kalina tana 'yar shekara goma sha biyu, uwarta da ubanta suna Sifaniya, ke kina Italiya, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, daga ni sai ita sai murhu. Na shigo daga tatsar awaki na tarar da ita tana kuka a kan littafi. Na ce, "Wa ya taɓa ki?" Ta ce ba kowa, a cikin littafi ne. Na ce, "To karanta da ƙarfi, in ji wanda ke sa jikata kuka a cikin gidana." Da bakina na faɗa, Donka. Ba wanda ya tilasta ni.

Ga labarin a taƙaice. Duniya ta lalace, ƙasa ta daina ba da amfani. Sai manya suka zuba yara a cikin wani kumbo mai suna Tsattsewa, suka tura su can bayan taurari su nemo iri mai rai su komo da shi. Shugabarsu wata yarinya ce, Iskra, mai taurin kai kamar wata mata da na aura. A cikin kumbon akwai wani tsohon inji, yaran suna ce masa Mai Kira. Ba ya tuƙi, ba ya girki. Aikinsa ɗaya ne: kowace safiya ya kira sunayen mutanen da aka baro a gida, ɗaya bayan ɗaya, da garinsu da sana'arsu, don kada yaran su manta wa ya aike su.

Ranar da na ba Gencho wannan labari a bakin shago sai da ya ƙware da kofi. Ya ce, "Manol, ashe sun sa ka a littafi! Tsohon ƙarfe mai tsatsa, ba ya tsinana komai sai surutu." Na zage shi, amma a raina na ji daɗi. Ke kin san ni da sunaye. Tun bayan faɗuwar gada, da mutane suka fara watsewa, wa ke tsayawa a tasha da bokitin tagullar uwata, yana zuba ruwa a gaban mai tafiya don hanyarsa ta gudana kamar ruwa? Ke ma na zuba miki, ko da fuskata a ɗaure take. Wa ke miƙewa ranar bikin Waliyyi Georgi, kafin a taɓa naman rago, ya kira duk wanda ya bar Lipovo, da shekarar da ya tafi, da inda ya nufa? To ki gaya mini yadda za a yi in ji labarin Mai Kira ban ɗauke shi ɗan'uwa ba.

Littafi huɗu muka cinye haka, ita tana karatu ni ina ɓarar wake ko gyaran ragama. In an ce sabo ya fito, ni ke fara tambaya ko ya iso. Har musu muke yi. Ta ce Iskra za ta auri yaron nan mai tuƙin kumbo, na ce yarinya mai hankali ba ta auren direba, kuma ni na ci.

Na biyar, wanda shi ne na ƙarshe, ya iso da ranin nan. Muna ƙarƙashin rumfar inabi, ina juya tattasai a kan wuta, tana karantawa. Yaran sun isa sabuwar duniya mai koguna da ciyawa. Ƙarfin da ya rage wa kumbon bai isa abu biyu ba. Ko su ɗebi iri su juya gida, tafiyar da ba tabbas za su kai, ba kuma tabbas akwai sauran mai rai a can, ko su sauka su zauna. Saukar ma ba za ta yiwu ba sai an kashe Mai Kira an ɗauki wutarsa. Na ajiye cokali mai yatsu, na ce yanzu yarinyar nan za ta nuna musu ita 'yar halak ce. Donka, hannu ta sa ta kashe shi. Yana tsakiyar kiran suna. Wata mata ce mai ɗinki, ya faɗi sunanta, bai kai ga garinta ba.

Na ce, "Rufe." Kalina ta ce, "Kaka, saura babi ɗaya." Na ce ko saura layi ɗaya ne ba na so, na ji abin da zan ji. Ta ce, "Don Allah Kaka, ai babin nan ne ma..." Na ce in ta ƙara buɗe shi a gabana zan sa shi ƙarƙashin tattasai. Ranar tattasan duk sun ƙone.

Kin san kuma a daidai lokacin ne makarantar Jamus ta ba ta gurbin karatun ƙera injuna. Ban haɗa abu biyun ba. Kada ki ce na haɗa.

Daga baya masu son littattafan suka yi taro a ɗakin karatu na gari. Na je, na faɗi ra'ayina. Abin da na ce game da ƙarshen labarin ina kan bakana. Sauran abin da kika ji, matar Gencho ce ta zuba gishiri. Kalina tana gari wurin ƙawarta, saboda shirin tafiya ya fi sauƙi daga can, ba don wani abu ba.

Ki riƙa ɗora ƙafar a kan kujera in kin zauna.

Mijinki,
Manol

Lipovo, bayan tsinkar inabi

Donka, tsohuwata,

Gaisuwa mai yawa. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi, ina fatan sanyi bai fara muku ba. Nan safiya ta fara cizo. An gama inabi, Gencho da surukinsa suka taya ni. Akuyar nan mai kunne ɗaya ta yi ɗingishi kwana biyu, ta warke.

Takardarki ta iso. Na juya bayanta ko akwai ƙari, ba komai. "Na ga bidiyon. Sake rubutowa, wannan karon ka faɗi gaskiya." Ko gaisuwa babu. Ban yi fushi ba, ni na jawo.

Ban san ana ɗauka da waya ba. Amma wayar daga tsakiya ta fara, don haka ga farkon, kuma ya fi abin da kika gani muni.

Ba kutse na yi wa taron ba, gayyata ta aka yi. Tun kafin littafin ƙarshe ya iso Kalina ta yi ta ba ƙawayenta labarina, wai kakanta ya san littattafan nan fiye da su duka. Har Malama Rumyana mai kula da ɗakin karatu ta aiko cewa ni ne babban baƙo. Na sa falmarata ta biki, na aske gemu. A cikin mota Kalina ta fito da littafin daga jaka ta ce, "Kaka, shafi kaɗan ne, kafin mu isa na gama." Na juya fuska ina kallon taga. Ta ce, "To don girman Allah in mun je ka ci biskit kawai, kada ka yi magana a kan ƙarshen." Na ce tun kafin a haifi ubanta nake magana a taro.

Donka, da kin ga wurin. Yara cike, wasu sun naɗe jiki da takardar azurfa irin ta gasa kifi, wasu sun zana tsattsewa a kumatu. Wani dogon yaro, Deyan, ya shiga cikin kwali ya manna masa fitilu, wai shi ne Mai Kira. Da na shigo ya rusuna mini, kwalin ya kusa kifar da shi, suka yi ta tafi. Wata yarinya mai koren gashi ta kawo mini kujera da banitsa, wainar cukun nan tamu, a faranti. Rabon da a yi murna da ganina haka, na manta.

Sun rabu gida biyu, kowane ɓangare da allonsa. Waɗannan suna cewa ta saki, waɗancan suna cewa ba ta saki ba. Ana ta zancen wata igiya da wani kogi, har wata ta yi hawaye, wani ya hau kan kujera yana karanto layi yana buga littafin da yatsa. Ban san wace igiya suke nufi ba. Ya kamata tun nan in gane cewa akwai abin da kowa a ɗakin ya sani ban da ni. Amma yaushe na taɓa tambaya?

Sai Malama Rumyana ta miƙo mini abin magana ta ce, "Baba Manol, kai ne dattijonmu, wane ɓangare kake?" Na ga Kalina tana girgiza mini kai daga can gefe. Na miƙe.

Da farko abin ya yi kyau, wannan ba a ɗauka ba. Na tuna musu yadda Mai Kira ya hana yaran faɗa a littafi na biyu, lokacin da abinci ya ƙare, ya yi ta kiran sunayen iyayensu mata har suka zubar da makamai. Na faɗi sunayen kamar yadda ya faɗa. Suka yi tafi har da fito. Tafin nan ne ya hau mini kai. Na ce marubuciyar ba ta da kowa a maƙabarta, shi ya sa. Na ce Iskra maciyar amana ce, an aike ta ta cinye aike. Na ce labarin da ya ƙare da yarinya ta kashe tsoho yana tsakiyar magana ba labari ba ne, rashin tarbiyya ne.

Sai Deyan ya leƙo daga cikin kwalinsa ya ce, da ladabi kuwa, "Baba Manol, amma ai ba a nan ya ƙare ba. Igiyar fa? A bakin kogi?" Na ce, "Wane kogi?" Sai mai koren gashi ta dafe baki ta ce, "Wayyo, bai karanta babin ƙarshe ba!" Dariya ta tashi. Ba ta mugunta ba ce, yanzu na sani, irin wadda ake yi wa kaka in ya sa hula a baibai. Amma a lokacin ji na yi kamar gadar nan ce ke sake faɗuwa a bayana.

Daga nan ne bidiyonki ya fara. Kin ga Kalina ta miƙe ta ce, "Laifina ne. Ni ce ban samu lokacin karanta masa ba, shi kuma idonsa ba ya ganin ƙananan baƙaƙe." Ƙarya biyu ta yi domina a numfashi ɗaya. Ta rufa mini asirin taurin kai, ta rufa mini asirin rashin karatu. Da na zauna a nan, da an wuce wurin, da an ci banitsa an tashi.

Kin ji abin da na ce, amma kin ce in faɗi gaskiya, to bari hannuna ma ya rubuta shi. Na nuna ta da yatsa na ce, "Ba lokaci ta rasa ba. Ga Iskrarku nan in kuna nema. Ta gama da tsohon inji, ta samu sabuwar duniya, hannunta na kan makunni. Uwarta ta tafi na zuba ruwa, ubanta ya tafi na zuba, kakarta ta tafi na zuba. Wannan kam hannuna ya bushe in na zuba mata. Ranar Georgi kuma ba mai jin sunanta a bakina." Abin maganar yana hannuna, har masu wucewa a titi sun ji.

Ga abin da ba a ɗauka ba. Ba ta yi kuka ba. Ta tako ta karɓi abin maganar a hankali, ta kashe, ta miƙa wa Malama Rumyana. Ta ce, "Kaka, motar ƙauye ta kusa tashi." A matakala ta riƙe mini hannu saboda gwiwata, kamar kullum. Ta sa ni a mota, ta gaya wa direba ya sauke ni a bakin shago ba a tasha ba, don hawan ya fi sauƙi daga can. Ita ba ta shiga ba. Da ta zage ni, Donka, da na samu abin riƙewa.

Washegari ina wurin awaki ta zo ta kwashe kayanta. Ta bar littafin a kan tebur, da ganyen inabi a daidai inda na ce ta rufe. Yana nan. Ina cin abinci a ɗaya gefen teburin.

A shago yanzu in na shiga sai a fara zancen farashin taki. Gencho ne kaɗai ba ya raga mini. Yana hango ni sai ya ce, "Ga inji nan, a matsa, waya ɗaya ta kwance masa." Matarsa kuma ta aiko wai kada in damu, in ranar ta zo ita za ta zuba wa Kalina ruwa da robar lemo. Robar lemo, Donka! Abin da ya fi ciwo, surukin Gencho ya nuna mini a wayarsa cewa akwai yaran da ke goyon bayana, daga garuruwan da ban taɓa zuwa ba. Labarin taron ya kai musu, wai tsohon ya yi gaskiya, bai kamata a kashe Mai Kira ba. Har sun sa hotona da falmara kusa da hoton kumbo. Suna yabon rabin maganata, ɗaya rabin kuma kowa ya ji shi. Zagi ya fi mini wannan sauƙi.

Kada ki kira ta ki roƙa mini. In kika yi, za ta zo don ke, ta zauna a gabana da ladabi, ni kuma ba zan iya haɗiye ko ruwa ba.

Ki gaishe da tsohuwarki. Ki rubuto, ko layi biyu ne irin na wancan karon.

Mijinki, in har yanzu kina amsa sunan,
Manol

Lipovo, ranar Juma'a

Donka,

Ina gaishe ki, ina gaishe da ƙafa. Na gode da takarda, na gode da gaisuwar da kika sa a ciki wannan karon, da safar ulu. Ta yi mini daidai. Nan an fara kunna murhu. Kowa lafiya, sai ni da ban san sunan abin da ke damuna ba.

Kin ce, "Littafin yana kan teburinka, ido biyu gare ka." To na buɗe. Na ɗauko tsohon tabaranki daga aljihun tebur, na sa yatsa a ƙarƙashin layi kamar ɗan aji ɗaya. Hantsi ya yi, awaki suna kuka, ni ban wuce rabin shafi ba, kuma kafin in kai ƙarshen jimla na manta farkonta. Baƙaƙen littafi ba irin nawa ba ne, ƙanana ne, a cunkushe kamar tururuwa. A nan na san irin aikin da yarinyar nan ta yi mini shekara da shekaru, ban taɓa ce mata ko sannu da murya ba.

Sai na naɗe littafin a tawul, na ɗauki kwalbar giyar inabi ta bara, na tafi gidan Gencho. Kin san abin da wannan ya ci mini. Ya dube ni, ya dubi kwalbar, ya ce, "Wa ya mutu?" Na ce karatu na zo a yi mini. Ya ce, "Sake faɗi, kunnen nan ba ya ji sosai." Na sake. Ya kira matarsa ta zo ta zama shaida. Na haɗiye. Muka zauna a bayan gida kusa da tulin itace, ya goge tabarau ya fara. Karatun nasa kamar mai sanar da tashoshin jirgin ƙasa, ba hawa ba sauka, sunan kumbon ma sau uku yana ɓata shi. Amma ya karanta.

Ga abin da ke ciki. Shekaru sun wuce. Iskra ta tsufa, ta zama kaka, gwiwa ta lalace. Sun gina ƙauye a bakin kogi. Kowace safiya ana kiran sunayen nan, kowane gida ya ɗauki nasa kaso, da ka. Suna kuskure, suna musu, wasu sunayen sun ɓace. Matar nan mai ɗinki kuwa, da yake ba wanda ya ji garinta, kowane gida ya ba ta nasa garin. Na ce wa Gencho wannan ba kira ba ne, shirme ne. Ya ce in rufe baki ko ya rufe littafi.

Sai ga jikar Iskra da sa'o'inta sun sassaƙa jirgin ruwa, za su bi kogin su ga inda ya ƙare, wurin da ba wanda ya taɓa zuwa, ba kuma wanda ya ce za su dawo. Al'adarsu, wanda ya fi kowa tsufa shi ke riƙe igiyar jirgi har kowa ya shiga, sannan ya saki. Iskra ta riƙe. Duk sun shiga. Yarinyar ta juyo tana kallonta. Iskra ta ce wa yatsunta su buɗe, suka ƙi. A kunnenta tana jin muryar Mai Kira, daidai inda ta yanke shi. Ruwa yana ja, ita tana riƙe.

Gencho ya juya shafi. Fari fat. Ya sake juyawa, sai tallan wasu littattafai. Ya ce, "Shi ke nan? Kuɗin tawada ne ya ƙare mata?" Ashe igiyar ke nan. Ashe abin da yaran nan suka cika ɗaki suna faɗa a kai ke nan, ni kuwa na je ina yi musu ihu a kan makunni. Kuma abin da Kalina ta so in ji ke nan tun ranar tattasai. Ba Iskra yarinya ta so nuna mini ba. Tsohuwar ta so in gani.

Gencho ya tsiyaya mana ya ce, "Ba ta saki ba. Tsofaffi ba sa saki, sai dai igiya ta yanke musu tafin hannu." Na ce ƙarya ne, ta saki. Ya ce ina aka rubuta? Na ce ba sai an rubuta ba, ni na san yarinyar nan tun tana 'yar ƙarama a littafi na ɗaya, kai yau ka fara ganinta. Wadda ta san sai da aka sake ta ta tafi kafin ta samu ƙasar takawa ba za ta tsaya ta ɗaure jikarta a bakin kogi ba. Ya ce ai wanda ya yi wa wani shi ya fi tsoron a yi masa. Na ce tsoro daban, mugunta daban. Muka yi ta yi, na buga tebur, ya buga, har kare ya fara haushi, matarsa ta leƙo ta ce ko ta kira yaran gari su kawo mana allo. Ina tsaye ina ihu, "Ta saki! Na rantse ta saki!" Sai Gencho ya cire tabarau, ya dube ni ya ce, "To kai da ka san ta saki, tsohon bunsuru, me kake yi a bayan gidana?"

Na ɗauki littafin na fito. Na bar masa kwalbar.

Kada ki ɗauka na sauka daga komai. Har gobe ina cewa ba a yanke mutum yana tsakiyar suna. Da ta bari ya faɗi garin matar nan, numfashi ɗaya ne, kumbon ba zai faɗi ba. In na haɗu da marubuciyar zan gaya mata. Amma wannan tsakanina da ita ne, ba ruwan Kalina a ciki, kuma ba a taɓa samun ruwanta a ciki ba.

Jiya na shiga gari na ga Malama Rumyana. Na cire hula tun daga ƙofa. Ba ta wahalar da ni ba. Ita ta gaya mini gobe Asabar Kalina za ta tashi, daga babbar tashar gari, kuma yaran nan duka za su je rakiya, har da mai kwali. Na ce madalla. A gabansu na yi, gara a gabansu in gyara. In suna so su ɗauka da waya, su ɗauka, wannan karon daga farko.

Na san na rantse da hannuna. In zai bushe ya bushe, ya gama yawancin aikinsa.

Na wanke bokitin uwata da toka da ruwan tsami, yana ƙyalli a bakin ƙofa. Gobe da sassafe zan hau marmaron da ke bayan coci in cika shi, don ruwan famfon gari ba ya wannan aiki. Zan rufe bakinsa da tawul, in shiga motar farko, in riƙe shi a kan cinya, direba ya yi ta ƙorafi in ya ga dama. Littafin yana aljihun kwat, na mayar da ganyen inabin shafin ƙarshe, in ta buɗe za ta gane ba sai na yi dogon bayani ba, kin san in na fara dogon bayani yadda ake ƙarewa. Zan tsaya a bakin ƙofar motarta in zuba ruwan a gabanta, in kira sunanta da ƙarfi, da sunan ƙauyenta, har ƙarshe. Ko za ta taka wurin da ya jiƙe, ko za ta kewaye, wannan nata ne. Ni dai zan zuba.

Ki kunna mana kyandir a cocinku na can.

Mijinki,
Manol